Haƙorin Yaya

Kwalin ashanar a buɗe yake a kan teburin kicin, audugar ciki ta leƙo waje. Ta zazzage shi a tafin hannunta, ba abin da ya faɗo.

Wata huɗu ke nan da babbar 'yarta ta damƙa mata haƙorin a gadon asibiti, da ɗan jini a gindinsa. "Mama, ki ajiye min. In mun koma gida ni zan jefa shi kan rufi, kar sabon ya ƙi fitowa." Uwar ce kaɗai ta koma gidan. An rabar da riguna, an bayar da takalma, haƙorin nan ne kawai ta ɓoye.

"Wa ya taɓa min kwalin nan?"

Surukarta da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ba ta ɗago ba. Auta ce ta shigo da gudu, ƙafafunta duk ƙasa.

"Ni ce, Mama. Kaka ta ce in aka ɓoye haƙori, ɗan'uwansa ba ya tsirowa. Shi ne na jefa wa Yaya nata. Sau uku yana gangarowa, a na huɗu ya zauna." Ta ja bakin zanen uwar. "Kin ce tafiya ta yi. Kar ta dawo da wawulo yara su yi mata dariya."

Uwar ta fito tsakar gida ta ɗaga kai. Ba abin da take hangowa a kan kwanon sai tsatsa, ga hadari ya haɗo.

Tsohuwar ta ajiye farantin shinkafar a hankali, ta zura takalmanta, ta fita.