Layukan Fensir a Bangon Gawie

Kawu Gawie ya cusa gashin tumaki da kitse a tsagar bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ruwa ke tsattsafowa, ya bi da kwalta mai zafi, ya ja baya yana kallo. Aiki ya yi kyau. Ya riƙe kusan minti ashirin kafin ruwa ya sake ɓullowa.

Kafin nan ya gwada siminti, ya gwada yankan tayar tarakta. Ya jawo bututu daga famfon da iska ke juyawa, famfo ya yi kwana uku yana zuƙa, ruwa bai ma san ana yi ba. Wata bakwai ke nan rabon kwarin da hadari.

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja layi daidai bakin ruwan, ya rubuta kwanan wata. Yatsa huɗu sama da na jiya. Layinsa ba ya karkacewa: shekara talatin ya yi yana yi wa hukuma awon ƙasa kafin ya ajiye aiki.

"Gawie! Ka nutse ne?"

Matarsa ce, Inna Hester, a saman matakala, hannunta dafe da bango. Tun da idonta ya tafi, da tafin hannu take gane gidan. Mahaifinta ya gina shi, a ciki aka haife ta, ta kuma rantse sai gawarta za ta fita.

"Saura kaɗan, 'yar tsohuwa."

"Haka ka ce ran Lahadi. Babana da rabin buhun siminti ya rufe bakin idon ruwan nan, kai mai takardu ka tsaya rubuce-rubuce. Ka kwaso min kabewata?"

"Suna sama."

"To agwagin wa ke damuna tun safe? Marthinus kuma ko leƙe, wai maƙwabci!"

"Sun je ganin jikoki."

"Kowa ya je ganin jikoki! Har fasto?"

"Shi ma yana da jikoki."

Ta yi tsaki, ta lallaba ta koma kicin.

Ya ciko bokiti, ya hau da shi a hankali saboda gwiwa, ya watsar a bayan gida. A aljihunsa akwai wasiƙa ta uku mai hatimin hukuma, ta umarnin su tashi daga gidan. Ta farko ya karanta wa Hester ita a matsayin tallar maganin wankan tumaki. Gobe zai gwada buhunan yashi, jibi kuma wani abu zai faɗo masa.

Ya ɗaga kai ya dubi farin turken da ke gefen dutse, kamu biyu sama da bututun hayaƙin gidan. Shi ya kafa shi da hannunsa shekara tara da suka wuce, ranar da aka aike shi ya nuna inda ruwa zai tsaya idan hukuma ta gama gina madatsar ruwa a kwarin, kuma a shekara talatin ba a taɓa kama shi da kuskure ba.