Hanyar Gabas

Injiniya Munzali ya tsaya a falon Baba Choji a garin Greenbelt, can ƙasar waje, yana ƙare wa hotunan bango kallo, shayin da aka kawo masa yana hucewa a kan tebur. Ba shan shayi ya kawo shi ba. Zuwa ya yi ya kama maƙaryaci.

'Yarsa Afnan, ita kaɗai Allah ya ba shi, tana can wani ƙauye a kan iyakar Italiya da Austriya ita da ƙawarta Tracy. Gobe za su hau wani dutse mai ƙanƙara wanda ko sunansa Munzali bai iya faɗa ba. Ya yi faɗan, ya yi lallashin, yarinya ta ce sai ta je. Da ya ga ba yadda zai yi, ya sayo littafin jagora da taswira ya yi musu karatun injiniya. Hanya biyu ce. Ta gabas gajera, littafi ya ce a hau da asuba a sauko kafin la'asar. Ta arewa doguwa, sai an kwana a wata bukka cikin sanyi. Wane uba ne zai zaɓa wa 'yarsa kwanan dutse?

Amma Afnan ta kafe a kan ta arewa, wai Baba Choji ne ya ce. Dattijo ne ɗan Filato, tsohon mai haɗa magunguna, cocinsu ɗaya da su Tracy, kuma an ce duk shekara sai ya je dutsen nan. Har sutura shi ya zaɓa musu: ja ko ruwan lemo, kada su kuskura su sa ruwan toka.

Tun ranar farko Munzali bai yarda da shi ba. Mutumin da ya gani yana haki a matakalar gidansa, bene hawa biyu kacal? Matasan da ke fita atisaye a duwatsun Shenandoah ranar Asabar bai taɓa bin su ba. Kuma mahayin dutse na gaskiya baki ne da shi kamar maroƙi, sai ya ishe ka da labarin ƙololuwa. Shi wannan, da an tambaye shi yadda saman take, sai ya sauya zance.

Ga hotunan kuma yanzu. Babu mutum a ciki, babu tuta, babu ko sararin sama. Duk ƙasa suke kallo: kwazazzabai, tsagogin duwatsu, ramukan da ƙanƙara ta narke ta bari. Irin waɗanda kowa zai iya kwasowa a intanet ya sa a firam. A jikin taga akwai tabaran hangen nesa da wata doguwar sanda mai ƙugiya, kayan ruɗin yara.

"Baba, ba ni labarin hanyar arewa," in ji Munzali.

Dattijon ya ɗan yi kame-kame. Akwai rafi, akwai bukka, hanya ce mai kyau.

"To, ta gabas fa?"

Nan baki ya buɗe. Inda hanya ta matse, inda dutse ke ɓarɓashewa ƙarƙashin ƙafa idan rana ta taɓa shi, abin da ke ƙasan kowace kwana. Munzali ya ji ransa yana tafasa. Littafi bai faɗi ko ɗaya cikin wannan ba. Wato hanyar da ya tura yaran bai san ta ba, wadda ya hana su kuma ya haddace mata tatsuniyoyin ban tsoro, don dai a ce masa gwani.

"Tambaya ɗaya, Baba, tsakaninka da Allah. Ka taɓa taka ƙololuwar dutsen nan?"

Matar gidan, Mama Olive, ta daina goge farantin da ke hannunta a bakin kicin.

"Ban taɓa ba," in ji dattijon a hankali.

"Ta arewan fa, ka taɓa bin ta?"

"A'a. Amma Injiniya, ka zauna ka saurare ni..."

"Na ji abin da na zo ji."

Ya fice, ya sauko matakala da sauri. Yana shiga mota ya kira Afnan, ya yi sa'a suna tashar bas inda hanyoyin biyu suka rabu.

"Abba, are you sure? Baba Choji fa ya ce..."

"Baba Choji bai taɓa hawa dutsen nan ba, da bakinsa ya gaya min yanzu. Ni na haife ki ko shi?"

Yana jin Tracy tana tambayar Afnan mene ne. "To, Abba. Gabas ɗin. Ga bas ɗinta ma ta tsaya. Da mun shiga kwari babu network, zan kashe wayar sai mun sauko."

Ya sa mata albarka, ta kashe. Ya jingina da kujera, daɗi ya rufe shi. Yau dai ya ceci 'yarsa daga hannun mai surutun banza.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Mama Olive ce, tana haki, riƙe da hularsa da ya manta. Ta miƙa masa, sai idonta ya sauka a kan littafin jagoran da ke kujerar gefe, ta daɗe tana kallonsa.

"Gaskiya ya faɗa maka, Injiniya, bai taɓa kaiwa sama ba. Me zai je yi a sama? Duk shekara da ƙanƙara ta narke yake komawa hanyar gabas yana leƙa ramuka. Irin littafin nan naka ɗanmu Katung ya bi, kuma har yau ba mu samo gawarsa ba."