Takardar Gona da Yatsun Shaidu

Shu'aibu, tunda ka buɗe shagon ɗaukar hoton takardu, zauna in ba ka wani misali, ka riƙe shi tare da na'urarka.

An yi wani manomi da ya gāji gona a bakin rafi. Abin da ke tabbatar masa da ita wata tsohuwar takarda ce da mahaifinsa ya bari cikin adaka, an rubuta iyakar gonar daga tsamiya zuwa bakin ruwa. Shaidu bakwai suka halarci cinikin ranar da mahaifin ya saye ta. Ba mai iya sa hannu a cikinsu, sai kowa ya tsoma babban yatsa a tawada ya dangwala a gefen takardar. Shekaru suka ja, takardar ta yi ja kamar ganyen taba, tawadar yatsun ta koɗe har sai ka karkata ta wajen haske kafin ka gani. Da manomin ya ga ta fara tsagewa a wurin ninki, sai ya kai ta gari ran kasuwa, wurin wani mai shago irin naka, don a sa masa hotonta a waya, ya kuma aika wa ƙaninsa da ke birni. Mai shagon mutumin kirki ne, mai son aikinsa ya fita fes. Ya kifa takardar a na'ura, hoto ya fito da komai nasa, har da tabon man ja. Amma ya yi nauyi, sabis kuma ba ƙarfi, aka tura aka tura ya ƙi tafiya. Sai mai shagon ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kaya ne suka yi wa jaki yawa, yanzu za mu rage." Ya fara cire launi, hoton ya koma baƙi da fari. Ya ga wasu dabbare-dabbare a gefe, ya ɗauka dattin tsufa ne, ya ƙara haske har suka ɓace, sannan ya datse gefen baki ɗaya. Hoto ya yi sauƙi, ya wuce kamar ƙiftawar ido. Manomin ya leƙa ya ga takarda fara sol, ya yi dariya ya ce, "Kai, yaro, ka mayar mini da tsohuwa budurwa!" Babban hoton na farko kuwa, mai shagon ya goge shi, don kwamfutarsa ta cika.

Daga ranar manomin ya daina kula da adakar, tunda a ganinsa gona ta shiga waya. Damina biyu, gara ta bi ta ƙasan adakar ta cinye takardar, ta bar masa ƙasa. Ba a daɗe ba maƙwabcinsa ya rasu, magada suka zo rabo, suka ce iyakarsu ta haɗa da fadamar bakin rafin, inda manomin ke samun albasa da tumatir da rani. Aka je gaban mai gari. Manomin ya miƙa waya da ƙarfin gwiwa. Mai gari ya sa aka karanta, kowace kalma tana nan daram. Sai ya ce, "Malam, rubutu ai kowa na iya zama ya yi. Ina hannun shaidu?" Shaidun nan bakwai duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage nasu a duniya shi ne dabbaren nan da aka share don hoto ya yi sauƙi. Fadama ta tafi, aka bar shi da tudu.

Ba na ce kada ka rage nauyin hoto ba, Shu'aibu, wanda zai yi tafiya dole ya rage kaya. Amma kafin ka sauke wani abu, tambayi mai takarda abin da ya sa ya adana ta, in ka rage ka sake dubawa, babban hoton kuma ka ajiye shi. Mai shagon nan bai yi nufin cuta ba, kyau da sauri ya nema. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.