Muryar Baba a Salula

Ina dannawa, muryar Baba ta fito daga salula, wata bakwai bayan an binne shi a Tsibiri.

Malaminmu na lise, wato sakandare, ne ya ce mu rubuta ra'ayinmu kan mutum-mutumin cikin fina-finai da ke kwaikwayon mutane. Na ce ai tatsuniya ce. Don in gwada, na zuba wa wata manhaja tsoffin saƙonnin muryarsa.

Har tarinsa ta kwaikwaya. Ta yi sallama, sannan ta kira sunana ɓaro-ɓaro.

Inna ta saki tsintsiya. "Kashe abin nan! Wallahi ba shi ba ne."

Na sani. Ni ce 'yar fari, kunya ba ta taɓa barin Baba ya furta sunana ba.

Amma na sake dannawa.