Maɗori da Hotunan Kansa Huɗu

Bari in ba ka misali da wani tsohon maɗori, irin mutanen nan da yatsunsu ne idanunsu. Shekara arba'in yana ɗori. Da ya shafa ƙafa sau ɗaya ya san inda ƙashi ya goce, ya ja, ya ɗaure da kara, ba ya neman shawarar kowa. Ana nan sai hannun damansa ya soma rawa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gaban wanda yake wa ɗori. A asibitin birni aka ce ƙari ne ya fito masa a ƙwaƙwalwa, sai an yi tiyata, kuma in wuƙa ta kauce ko da faɗin ƙwayar gero ne, zai tashi da ransa amma hannun ya tafi ke nan. Likitar da ta karɓe shi mace ce mai sanyin magana, ba ta san gaggawa ba. Ta sa aka ɗauki hoton da ya nuna ƙoƙon kansa. Ta sa aka ɗauki wani da ya nuna ƙarin, zaune kamar ɗan goro. Aka yi masa allura, aka ɗauki na uku don jijiyoyin jini. Da aka ce ya sake kwanciya cikin na'ura yana motsa yatsu don na huɗu, sai tsoho ya ƙule, ya ɗauka yarinyar nan ba ta san aikinta ba ne. Ya ce, "Likita, kai ɗaya fa gare ni. Ni sau ɗaya nake taɓawa in sani." Ta ce, "Baba, kowanne hoto gaskiya ya faɗa, amma ba wanda ya faɗe ta duka."

Da hotunan suka cika ta ɗora su kan juna a kwamfuta, ta juyo masa da allon ya gani. A hoton ƙarin, ga hanya gajeriya daga saman kai zuwa gare shi, wadda ko shi da zai ce a bi. Amma da aka haɗa da na yatsu, ashe ƙarin ya ture sashen ƙwaƙwalwa da ke motsa hannu daga mazauninsa, ya kwantar da shi daidai kan wannan hanya, ga kuma wata jijiya ta gitta a gefe. Jikin tsoho ya yi sanyi, kunya ta kama shi. Ita kuwa ta nuna masa yadda za ta zagayo ta baya, ta bi wani siririn lungu da hoto ɗaya bai isa ya nuna ba. Ranar tiyata hotunan nan haɗe suna gabanta, suna nuna mata inda bakin ƙarfenta ya kai, ta yi ta bi a hankali daga hantsi har la'asar, ta ɗauke ƙarin tas. Da ya farfaɗo ta sa yatsunta biyu a tafinsa ta ce ya matsa. Ya matsa, irin matsar maɗori, sai da ta roƙe shi ya sake ta, shi kuwa hawaye na bin kuncinsa ya ƙi saki.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.