Ɗinkin Inna

Ta dire tukunyar tana tururi a gefen tabarmar uwar mijinta, ta tsoma ganyen dogon yaro a ciki. Jiya aka sauko da tsohuwar daga kwalekwale, bayan aikin da aka yi mata a asibitin Yelwa. Tsohuwar na ganin tururin ta dafe ɗinkin cikinta.

"Ɗiyata, mi za ki yi? Nas ta ce kar ruwa shi taɓa wurin."

"Ni ma haka ta ce mini, Inna."

A ɗakin nan tsohuwar ta taɓa sa aka danne matar ɗan nata da ɗanyen ɗinkin haihuwa, aka yi mata wankan jego don kada dangi su yi gori. Ɗinkin ya ruɓe, aka kwashe ta zuwa Sakkwato, ta dawo babu mahaifa.

Ta ɗaga ganyen yana zubar ruwa, ta tsaya a kanta har sai da tsohuwar ta kama salati tana kuka. Sannan ta wanke hannu ta canza bandejin a hankali, ko ɗigo bai taɓa wurin ba.

"Ki huta, Inna. Kullum da safe zan tafasa ruwan nan, har a cire zaren."