Fuskar da Mai Hoto Ya Goge

Wata biyu da rasuwar Auta, mahaifinta Mai Hoto yana zaune a shago, sai ga tsohuwar malamarta ta yi sallama riƙe da wani ɗan littafi.

"Baba, labaran ɗalibaina ne muka buga. Na Auta yana shafi na tara."

Shi dai bai taɓa ɗaukar littafin labari a bakin komai ba. Hoto ya sani, kuma gwani ne wajen gyaran fuska: ka shigo baƙi wuluk, ka fito a takarda fari tas. Haka yake yi wa 'yarsa tun tana rarrafe. Yana ƙara mata haske yana tsokanarta, "Tsaya in wanke ki, Gawayin Baba." Ita kuma ta yi dariya.

Ya sa tabarau ya soma karatu. Labarin wata yarinya ne da ta nemi aikin tarbar mutane a wani babban otal, ta aika da hoton da babanta ya gyara. Aka kira ta. Manaja ya dubi hoton, ya dube ta, ya ce, "Wannan muka kira, ba ke ba. Masu sauka a nan sun fi son fuska mai haske. Amma akwai gurbi a ɗakin wanki."

Mai Hoto ya dakata da karatun. Ya tuna ranar sarai. Auta ta dawo ta ce aikin ne bai yi mata ba, shi kuma har da yi mata faɗan raina abu. Daga nan ne kwalaben man bilicin suka cika ɗakinta, sai alluran ƙara haske, sai ciwon ƙodar da ya tafi da ita.

Layin ƙarshe na labarin cewa ya yi: "Babana yana da hotunana sun fi ɗari, amma bai taɓa ɗaukata ba."

Ya miƙe ya zazzage durowa, ya buɗe kwamfuta, yana ta dube-dube. A al'adarsa, da ya gama gyara yake goge na asali.

"Baba, me kake nema?"

"Fuskar 'yata, Malama. Ta gasken."

Ko ɗaya bai samu ba. Ya kifa kai a kan tebur ya fashe da kuka.

Jama'a, raina mutum saboda launin fatarsa zalunci ne, ko a ofis aka yi shi, ko a gida cikin wasa. Mu karanta abin da 'ya'yanmu suke rubutawa tun suna raye, domin abin da suka kasa faɗa mana da baki a can suke ajiye shi.